Wane irin suna ne ya fi dacewa da kashi na biyu na fim ɗin jarumi mai baiwa?

Mai_Zane:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a ce mini "duk ɗaya ne". Ni da abokaina biyu mun yi wani ɗan gajeren fim na zane mai motsi a kan jarumin da muka raɗa wa suna Garkuwa, yaro ne da babu abin da ke huda jikinsa, ba wuƙa ba harsashi. Yanzu mun gama rubuta na biyu, amma sati uku ke nan muna ja-in-ja a kan suna. Ɗaya ya ce mu sa "Garkuwa 2" mu huta. Ɗayan ya kafe sai "Garkuwa: Tashin Duhu". Ni kuma duka biyun ba su kwanta mini ba, amma da an ce in kawo nawa sai bakina ya mutu. Tambayar tawa ma ta wuce namu fim ɗin: a finafinan nan na su Batman da Spider-Man, me ke sa sunan ci gaba ya yi daɗi? Lamba ce ta fi, ko a ƙara laƙabi bayan ruwa biyu, ko a sauya sunan gaba ɗaya?

Kunkuru77:
Wa alaikumus salam. Abokinka na farko ya fi ku gaskiya. Spider-Man 2 na 2004 har gobe ana sa shi cikin waɗanda suka fi kyau, har Oscar ya ci a fannin siddabarun hoto, kuma sunansa lamba ce tsirara. Superman II na 1980 ma haka. Lamba ba ta yi wa kowa ƙarya. Ta ce maka wannan na biyu ne, in ba ka ga na farko ba je ka gani. Shi ke nan.

Bakan_Gizo:
Malam Kunkuru, lamba ba ta ƙarya saboda ba ta cewa komai. Wanda ya yi shiru ai ba a kama shi da ƙarya.

Kunkuru77:
To ai shirun ya fi surutun banza.

Tauraruwa:
Ni abin da ya dame ni da lamba shi ne tana kore sabon mai kallo. In na ga 3 ko 4 a jikin fasta, abin da ke zuwa raina shi ne akwai bashin kallo a kaina, sai na biya kafin in shiga. Ina ganin shi ya sa tun bayan Iron Man 3 a 2013 kamfanin Marvel ya kusa daina sa lamba ita kaɗai. Dubi Thor: Ragnarok, na uku ne, amma mutane da yawa sun shiga sun ji daɗinsa ba tare da sun san na nawa ba ne. Da an ce Thor 3, wanda ya ga na biyun bai burge shi ba zai ce a kai kasuwa.

Tsohon_Hannu:
Yara, bari in ɗan ja ku baya. Kafin a zo kan lamba ko laƙabi, ku tambayi kanku me suna yake yi. Hausawa sun ce suna linzami ne. A fim na farko aikin suna ɗaya ne: ya gabatar da mutum. Ga Batman, ga Iron Man. A na biyu an riga an san mutumin, don haka sunan ba shi da sauran aikin gabatarwa, sai dai ya faɗa maka abin da ya canza.

Misalin da ba na gajiya da shi shi ne na Christopher Nolan. A 2005 ya yi Batman Begins, sunan da ya ce maka ga mafari. Da ya zo na biyu a 2008 sai ya cire kalmar Batman ɗungurungum, ya ce The Dark Knight, wato jarumin duhu. A lokacin abin mamaki ne, don ba a saba ganin fim ɗin Batman babu sunansa a kai ba. Laƙabi ne da masu karanta littattafan zanen suka daɗe da sani, musamman tun littafin Frank Miller na 1986, amma ga ɗan kallo na yau da kullum baƙo ne. To sai ka zauna ka kalli fim ɗin har ƙarshe, ka ga jarumin ya yarda a ɗora masa laifin da bai yi ba don mutanen gari su ci gaba da ganin wani da mutunci. A nan ne sunan yake faɗo maka a ka. Ka shiga da shi a matsayin kirari, ka fito da shi a matsayin hukunci. Fim ɗin kuma ya haura dala biliyan ɗaya, wato cire sunan jarumin bai hana kowa zuwa ba.

Sunan da nake kira mai kyau ke nan: wanda ma'anarsa kafin kallo daban, bayan kallo daban.

Mai_Zane:
Baba Tsohon_Hannu, wannan ta shige ni. Amma fa Batman ne. Ko ba a rubuta sunansa ba, da an ga jemage a fasta an gama magana. Mu wa ya san mu?

Tsohon_Hannu:
Gaskiyarka ɗana. Wannan dabarar ta mai suna ce. Kai da ba a gama sanin jaruminka ba, kada ka kuskura ka cire sunansa.

Alƙalami:
Ƙarin misali a kan na Baba: Logan na 2017. Wolverine ne, amma aka kira shi da sunansa na mutum, aka ajiye na jarumta. Tun daga sunan ka san ba fim ɗin kaya masu sheƙi za ka gani ba, tsoho ne gajiyayye da jikinsa ya fara ƙin warkewa. Kwatanta shi da X-Men Origins: Wolverine na 2009, suna kamar lakabin da ake mannawa a bayan fayil.

Ɗan_Gajere:
Ni dai kar a ce mini "Tashin Duhu". Haba. Thor: The Dark World, Dark Phoenix, The Dark Knight Rises, Rise of the Silver Surfer. Kullum wani abu na tashi, kullum duhu. Wai su ba sa kunna fitila ne?

Bakan_Gizo:
Hahaha. Ka manta da masu dawowa. Batman Returns 1992, Superman Returns 2006. Na Superman ma da sauƙi, a labarin ya yi tafiya ta shekaru kafin ya dawo. Shi Batman ina ya je? Yana nan garinsu.

Uwar_Biyu:
Ku kuna magana a matsayin masana, ni bari in yi a matsayin mai raka yara kallo. Akwai ranar da yarana suka dame ni sai mun kalli Suicide Squad, na nemo na kunna, aka yi minti ashirin babban ya ce Mama ba wannan ba ne. Ashe guda biyu ne, na 2016 da na 2021, bambancin sunan kawai "The" da aka liƙa a gaban na biyun. Kuma da na duba sai na ga ba ma na yara ba ne, na kashe. Don haka kafin ku je ga hikima, ku fara da wannan: sunan ya bambanta da na baya yadda uwa mai gaggawa ba za ta ruɗe ba.

Tauraruwa:
Wallahi Yaya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na Spider-Man na baya-bayan nan ma haka suke mini. Homecoming 2017, Far From Home 2019, No Way Home 2021. Duka akwai gida a ciki. In aka tambaye ni wanne ne ya je Turai sai na tsaya na yi lissafi.

Alƙalami:
A'a ƙanwata, a nan ba na tare da ke. Waɗannan ukun suna cikin mafi wayo da aka yi. Na farkon ma'ana biyu gare shi: sunan wani bikin rawa ne da 'yan makarantar sakandare ke yi a Amurka, kuma yana cikin labarin, sannan yana nufin dawowar jarumin gida wurin Marvel bayan yarjejeniyar da suka ƙulla da Sony a 2015. Na biyu ya yi nesa da gida, shi ne na Turai ɗin. Na uku babu hanyar komawa, kuma wanda ya ga ƙarshensa ya san ba wasa sunan yake yi ba, yaron ya rasa duk wanda ya san shi. Ki jera su za ki ga labari guda ne cikin jimla uku: ya zo gida, ya yi nisa, hanya ta ɓace. Lamba ba za ta taɓa ba ki wannan ba.

Tauraruwa:
Na yarda da hikimar, amma sai da ka yi mini bayani na sakin layi guda. Sunan da sai an yi masa sharhi anya kuwa?

Alƙalami:
Ba sharhi yake buƙata ba, kallo yake buƙata.

Kunkuru77:
Kun ga abin da nake faɗa. Da an ce 1, 2, 3 da yanzu ba a wannan gardamar.

Gwanki:
Malam Kunkuru, lambar taka ma ba kullum take da gaskiya ba. Ka je Indiya. An yi Krrish a 2006, sai a 2013 aka fito da Krrish 3. Ina na biyu? Babu shi. Sun ƙirga Koi... Mil Gaya na 2003 a matsayin na farko, Krrish ya zama na biyu. Ni da kaina na ɓata lokaci ina neman Krrish 2 a intanet, ina zaton ni ne aka bari a baya. Sai Wonder Woman 1984, wanda lambar da ke jikinsa shekarar da labarin ya faru ce, ba matsayinsa a jeri ba.

Ɗan_Gajere:
Wato sai ka kalli guda 1983 kafin ka fahimce shi.

Kunkuru77:
To na Krrish kam ba ni da ta cewa. Amma laifin masu ƙirga ne, ba na lamba ba.

Sarkin_Musu:
Ni duk ban yarda da tushen maganar ba. Suna ba ya gyara fim kuma ba ya ɓata shi. Fim ne ke yi wa suna ado. Da The Dark Knight ya fito a lalace, da yau Baba Tsohon_Hannu yana nan yana ce mana kuskurensu shi ne cire sunan Batman. Muna ganin sakamako ne sannan mu koma mu ƙirƙiro dalili. Wane ne ya san ma'anar Ragnarok kafin 2017 in ba wanda ya karanta tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai ba? Kalma ce mai wuyar faɗa. Fim ɗin ya yi daɗi, sai ta zama zuma a baki.

Tsohon_Hannu:
Sarkin_Musu, sunanka ma linzami ne, ga shi ka tabbatar da maganata. Akwai ƙamshin gaskiya a zancenka, ban musa ba. Amma Ragnarok ba kalmar banza ba ce da aka tsinta. A waccan tatsuniyar ita ce ranar halakar alloli da duniyarsu, kuma a fim ɗin garin su Thor ya rushe da gaske. Sun yi alkawari sun cika. Ka kwatanta da Age of Ultron na 2015. An ce maka "zamanin" wani mugu, kana jiran ka ga ya mulki duniya shekara da shekaru, sai ga shi cikin 'yan kwanaki an gama da shi. Sunan sun aro shi ne daga wani littafin zane na 2013 wanda labarinsa ma daban ne. Ko fim ya yi kyau, in suna ya yi maka alkawarin bijimi ya kawo akuya, za ka ji a ranka.

Sarkin_Musu:
Duk da haka Age of Ultron ya tara kuɗi fiye da dala biliyan ɗaya.

Tsohon_Hannu:
Ai ba a kan kuɗi aka yi tambayar ba.

Lissafi:
Tunda an zo kan kuɗi, akwai inda kamfani da kansa ya nuna yana ganin suna na da tasiri. Birds of Prey na 2020, cikakken sunansa doguwar jimla ce da sunan Harley Quinn can a ƙarshe cikin baka. Da makon farko bai yi armashi ba, sai gidajen sinima suka koma rubuta Harley Quinn a gaba, saboda ita mutane suka sani. Sai The Marvels na 2023, wanda ci gaban Captain Marvel ne na 2019. Na farko ya haura dala biliyan ɗaya, na biyu ya tsaya a wajen miliyan 200. Sunan ya yi kama da sunan kamfanin, bai ce maka ci gaban wane fim ba ne.

Sarkin_Musu:
Kar ka ɗora wa suna wannan. A shekarar 'yan wasan Hollywood suna yajin aiki, ba su fita tallan fim ɗin ba sai dab da fitowarsa. Kuma sai ka kalli wasu shirye-shiryen talabijin kafin ka san biyu daga cikin jaruman uku. Dalilai sun yi yawa.

Lissafi:
Ban ce shi kaɗai ba ne. Na ce bai taimaka ba.

Bakan_Gizo:
Ni salon da na fi so shi ne a sa sunan bos, wato babban abokin gabar jarumi. Captain America: The Winter Soldier, 2014. Ka ji sunan kawai ka fara tambaya, wane ne wannan sojan hunturun? Ka shiga da tambaya. Sannan a tsakiyar fim ka gane ashe Bucky ne, amininsa da ya ɗauka ya mutu tun lokacin yaƙi. Sunan bai tona komai ba, amma ya nuna maka inda zuciyar labarin take.

Sabon_Shiga:
Kai ɗan'uwa, ban kalla ba fa! Ka ɓare mini.

Bakan_Gizo:
Yi haƙuri, amma fim ɗin ya haura shekara goma. Wa'adin rufa asiri ya ƙare.

Alƙalami:
Sa sunan bos yana da nasa haɗarin. Marvel sun sanar da wani fim ɗin Avengers da sunan Kang a jiki, shekaru kafin a fara ɗauka. Daga baya suka raba gari da ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Kang ɗin, dole a 2024 suka sauya suna zuwa Doomsday, suka kawo wani mugun daban. In ka ɗaure sunanka a ƙafar mutum ɗaya, duk inda ya faɗi ka bi shi. Kuma sai in bos ɗin yana da nauyi. In ba a san shi ba kuma sunansa ba ya tayar da tambaya, ka ƙara kalma ne kawai.

Gwanki:
Maganar tona asiri ta tuna mini da Avengers: Endgame da wanda ya gabace shi, Infinity War. Da farko a 2014 an sanar da su ne a matsayin Infinity War kashi na ɗaya da kashi na biyu. Daga baya aka cire wannan, aka ɓoye sunan na biyun har sai da tallansa na farko ya fito a Disamban 2018. Ka duba amfanin hakan: da mutane sun shiga na 2018 da "kashi na ɗaya" a rubuce, da ƙarshensa bai girgiza kowa ba, kowa zai ce ai rabi ne. Cire kalma biyu ya sa mutane suka fito sinima jiki a sanyaye. Kuma kalmar Endgame ɗin ɗaya daga cikin jaruman, Doctor Strange, ya riga ya furta ta a cikin na farkon, tana gabanmu ba mu lura ba.

Lissafi:
Wasu sun lura, an yi ta hasashe a lokacin. Amma batunka na "kashi na ɗaya" daidai ne.

Uwar_Biyu:
Ba wanda ya ambaci Wakanda Forever, ci gaban Black Panther. Ni shi ne sunan da ya fi taɓa ni. Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin jarumin, ya rasu a Agustan 2020, suka ƙi sa wani a madadinsa, ga shi kuma dole a yi na biyu. Me za ka kira fim ɗin da jaruminsa ba ya duniya? Sai suka ɗauko kirarin da kowa ya riƙe daga na farko, suka mayar da nauyin daga kan mutum ɗaya zuwa kan ƙasarsa Wakanda da mutanenta. A 2018 in an faɗi kalmar ihu ake yi, a 2022 kuwa ta zama kamar ta'aziyya. Kalmomin ba su canza ba.

Tsohon_Hannu:
Hajiya kin fi ni kawo misali. Abin da nake ta kewaye-kewaye a kai ke nan.

Ɗan_Gajere:
Nawa ma'aunin mai sauƙi ne: in za ka iya faɗa wa abokinka sunan a waya sau ɗaya ya riƙe, ya yi. Gwada da Batman v Superman: Dawn of Justice. Ko "v" ɗin ma irin wadda ake rubutawa a takardar ƙara ce a kotu, kamar Batman ya kai Superman gaban alƙali. Gwada da Joker: Folie à Deux, Faransanci ne, wai haukan da mutum biyu suka yi tarayya a ciki. Ma'anar ta dace, amma kowa Joker 2 yake cewa. Quantumania kuwa har yau harshena bai daidaita da shi ba.

Kunkuru77:
Alhamdu lillahi. "Kowa Joker 2 yake cewa." Duk wahalar da za ku sha, a bakin mutane lamba za ta koma.

Tauraruwa:
Ba kullum ba. Ban taɓa jin wanda ya ce Batman Begins 2 ko Captain America 3 ba. Civil War ake cewa. In laƙabin ya yi ƙarfi shi ke cinye lambar, in ya yi rauni lambar ta cinye shi. Wataƙila ma wannan ne gwajin: bayan shekara biyar, da wanne mutane ke kiransa?

Gwanki:
Akwai kuma masu raba gardama. Guardians of the Galaxy sun sa Vol. 2 da Vol. 3, irin yadda ake rubutawa a jikin kaset, saboda jarumin yana yawo da kaset ɗin waƙoƙin da mahaifiyarsa ta bar masa. Lamba ce, amma lambar da ta fito daga cikin labarin. Malam Kunkuru ya samu nasa, Baba ma ya samu nasa.

Sarkin_Musu:
Mun yi nisa. Bawan Allah ya tambayi sunan fim ɗinsa, mun kai shi Wakanda mun dawo. Mai_Zane, kai ma da laifinka, ba ka faɗa mana abin da ke cikin na biyun ba. Ta yaya za a raɗa wa jariri suna ba a san mace ba ne ko namiji?

Mai_Zane:
Gaskiya ne Yaya, na yi ta karatu ne na manta. A taƙaice: a na farko ya gano baiwarsa ya ceci mutane. A na biyu sai ya gano cewa duk bugun da ya sauka a jikinsa bai ji ba, ba ɓacewa yake ba, kan wani na kusa da shi yake sauka. Ciwon da ƙanwarsa ke fama da shi tun na farko, wanda aka rasa dalilinsa, shi ne sanadi. Yanzu ko ya daina kare mutane, ko ya ci gaba ita tana biya. Akwai bos, amma gaskiya ba shi ne babban abin ba.

Ɗan_Gajere:
To ina duhun, ina tashin? Ka gaya wa abokinka ya ajiye wannan sunan.

Bakan_Gizo:
Tunda bos ba shi da nauyi, na janye shawarata. Me zai hana "Garkuwa: Tsaga"? Abin da ba ya fashewa ya fara tsagewa.

Alƙalami:
Tsaga na nuna shi ne ya raunana, alhali ƙarfinsa na nan, wata ce ke jin jiki. Ni da "Garkuwa: Bashi" zan ce. Ko "Diyya".

Uwar_Biyu:
"Bayan Garkuwa". Ba ruwa biyu, ba lamba. Wanda bai kalla ba zai ɗauka ana nufin abin da ya biyo bayan na farko, kun ga ya yi aikin lambar Malam Kunkuru. Wanda ya kalla zai gane wadda ke tsaye a bayan garkuwar ake nufi, ƙanwar. In kuma a ƙarshe ya ajiye baiwar, ya zama rayuwa bayan garkuwa. Sunan jarumin kuma yana nan bai ɓace ba.

Tsohon_Hannu:
Hajiya, da ni ne da na rufe littafi a nan.

Lissafi:
Sunan ya yi daɗi, amma akwai matsalar da ba wanda ya faɗa tun farko. A yau in ka rubuta "garkuwa" a wurin bincike, ba abin kare kibiya zai fito maka ba, labaran garkuwa da mutane ne za su cika maka fuska. "Bayan Garkuwa" kuwa sai ya yi kama da kan labarin wanda aka sako. Ko Marvel sun taɓa shiga irin wannan: a Birtaniya sai da suka mayar da sunan fim ɗinsu The Avengers na 2012 zuwa Avengers Assemble saboda akwai tsohon shirin talabijin mai suna The Avengers da mutanen can suka sani. Suna ba a sarari yake zaune ba, yana da maƙwabta.

Mai_Zane:
Kai. Wallahi mun yi wannan tunanin tun a na farko, muka ce ba komai. Yanzu da ka haɗa shi da "bayan" sai na ji shi da ƙarfi.

Alƙalami:
Ku tsaya. Ni a ganina wannan ba aibi ba ne. Me ƙanwar take in ba wadda aka yi garkuwa da ita ba? Baiwar yayanta ce ta riƙe ta, kuma kullum ita ke biyan fansa da jikinta. Kalmar da kanta tana ɗauke da labarin: abin da ke kare ka, da wanda aka riƙe a madadinka. Ba ku shirya haka ba, amma faɗuwa ta zo daidai da zama.

Tauraruwa:
Yaya Alƙalami, a takarda ya yi kyau. Amma ka tuna akwai waɗanda kalmar nan ba wasan hikima ba ce a wurinsu, abu ne da ya same su. Mutum ya ga zanen yara da wannan sunan, ban san yadda zai ji ba. Ni da "Bashi" na fi natsuwa.

Sarkin_Musu:
"Garkuwa: Bashi" kuma kamar tallan masu ba da rance.

Kunkuru77:
Garkuwa 2. Ba wanda zai ji ciwo, ba wanda zai ruɗe.

Uwar_Biyu:
Maganar Tauraruwa abin dubawa ce, ban yi tunaninta ba. Amma fasta ma tana magana. In an zana yaron a gaba, yarinyar a bayansa tana riƙe da gefen rigarsa, ba na jin wani zai kai sunan can.

Lissafi:
A wurin bincike ba a ganin fasta sai an fara ganin suna.

Mai_Zane:
Na tura wa abokan nawa duka. Mai "Tashin Duhu" ya sauko, amma yanzu ya koma wai sai "Inuwar Garkuwa". Mai lamba ya ce a gaishe da Malam Kunkuru, ya samu ɗan'uwa. Ni zuciyata na kan na Hajiya, sai dai maganar Lissafi da Tauraruwa ta tsaya mini a wuya. Za mu zana fasta biyu da sunaye biyun mu nuna wa waɗanda ba su san labarin ba, mu ji abin da zai fara zuwa musu.

Ɗan_Gajere:
Inuwa ma ai ƙanwar duhu ce. Abokin nan naka bai tuba ba.

Gwanki:
In kun nuna wa mutane, kada ku tambaye su wanne ya fi daɗi. Ku ce su faɗi abin da suke zaton zai faru a fim ɗin. Sannan tambaya ɗaya, Mai_Zane: akwai na uku? Don in akwai, "Bayan Garkuwa" ya ci sunan da ya kamata a ajiye wa na ƙarshe.

Mai_Zane:
Akwai shi a kai, ba a takarda ba. Kuma a na ukun ƙanwar ce jarumar.

Bakan_Gizo:
Kai ma ka ɓare mana. Sabon_Shiga, zo ka ga wanda ya fi ni.